Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi: Ina Roƙon Tulu Guda da Littafi Guda

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da malamai da ɗaliban da Allah ya ɗora muku nauyinsu. Ni tsohon malamin lakkol ne. Na sha ƙurar alli shekara talatin da ƴan kai tsakanin ƙauyukan Madarunfa da na Gidan Runji, kafin in dawo gida Bagalam in zauna cin fansho. Ban taɓa zama ajin jami'arku ba, domin lokacin da aka buɗe ta furfura ta riga ta fara leƙowa a gemuna. Amma autana yana cikin ɗalibanku, kuma ina ganin duk ɗan Maraɗi yana da ta cewa a kan gidan da ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko.

Ba maganar bursu ta kawo ni ba, ba ta ɗakunan kwana ba, ba ta abincin ɗalibai ba. Waɗannan suna da masu faɗarsu, kuma muryarsu ta fi tawa kaiwa nesa. Maganar ƙwallo ce. Na san wani yana karantawa zai ce tsoho ya rasa abin yi. Ku dai yi haƙuri da ni zuwa ƙarshe.

A daminar bara ruwa ya sami hanya ta rufin ɗakina, dole na jawo wani tsohon akwatin ƙarfe da na daɗe ban buɗe ba. A ƙarƙashin takardun albashi na tarar da hoton ƙungiyar ƙwallon makarantarmu na shekarar 1982. Mu goma sha shida ne a ciki, wasu tsaye, wasu durƙushe, kofi a ƙasa gabanmu. Gara ta shiga ta gefen hagu ta cinye mutum bakwai. Cikin taran da suka rage na gane bakwai, biyu kuwa na zuba musu ido har aka kira la'asar, sunansu ya ƙi zuwa. Mutanen da muka sha ruwa a moɗa ɗaya, muka yi aron takalmin juna. A bayan hoton akwai sunaye da aka rubuta da biro, danshi ya mai da su shuɗin tabo.

Na kira wani abokina da ke Tasawa, shi ne mai buga mana lamba huɗu a lokacin. Muka yi kusan rabin sa'a a waya muna gardama. Ni na ce biyu da ɗaya muka ci ranar, shi ya rantse uku da ɗaya ne. Na ce marigayi mai tsaron ragarmu ya kama fanareti kafin a tafi hutu, ya ce a'a, wannan a wani wasan ne daban. Kuɗin wayata suka ƙare ba mu daidaita ba, kuma babu na ukun da zai raba mu, don ba a rubuta a ko'ina ba. Kofin ma na taɓa komawa makarantar don in gan shi, shekaru da yawa bayan mun fita. Ba zan kama sunanta ba, ba laifin mutum ɗaya ba ne. Mai gadi ya yi dariya ya ce ai ya san shi, an daɗe ana tara guntayen alli a ciki, daga baya hannunsa guda ya karye, daga nan bai ƙara sa shi a ido ba.

Ku bar ma ta ƴan makaranta. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakaran ƙwallon ƙafa ta Nijar baki ɗaya, a zamanin da ƙungiyoyin Yamai suka mai da kambun kamar gadon gidansu. Shekarar da ta biyo, 1984, shekarar yunwar El-Buhari, Espoir ta Damagaram ta karɓa. Shekara biyu a jere kambun yana gabas. Na gwada samarin fadar da ke ƙofar gidana, na ce duk wanda ya kawo mini sunan mutum uku cikin ƴan Jangorzo na wancan lokaci, sukari da ganyen shayinsu na mako guda suna wuyana. Shiru kake ji. Wani ma ya ɗauka tsokana nake. Amma da na ce su lissafo mini ƴan bencin Real Madrid, har wanda ke jinya da ranar da zai dawo sai da suka faɗa. Ban ga laifinsu ba. Madrid ta adana nata, mu muka bar wa gara namu.

Abin mamaki kuwa, mu ɗin nan ba masu mantuwa ba ne. Tambayi yaron da bai kai sha biyar ba wane ne Kantu, zai ce maka Yakuba Ango, wanda ya fara ɗaukar takobin kokawa a Tawa a 1975 ya kawo shi Maraɗi, kuma filin kokawarmu sunansa aka sa masa. To me ya sa kokawa ta riƙe mutanenta, ƙwallo ta zubar da nata? Na daɗe ina juya wannan a raina. Kokawa tana da lokacinta da kowa ya sani, idan sanyi ya shigo an gama kai amfanin gona gida. Tana da abin da ake faɗan a kansa, takobi, abu guda da ido ke gani hannu ya taɓa. Abokan hamayyar ba sa canjawa, jiha ce da jiha. Sannan ga makaɗa da maroƙa da ke ɗinke sunan mutum cikin kirari, yadda ko ya kwanta dama sunan zai tashi duk ranar da aka taɓa ganga. Ƙwallonmu kuwa kullum jaririya ce. A yi gasa bana da sunan wani mai hannu da shuni, a ci kofi, a watse, baɗi a ƙirƙiro wata da sunan wani.

A wasu ƙasashe jami'o'i ne suka yi wa ƙwallo irin aikin da makaɗa suka yi wa kokawa. Ku da kuka yi zurfin karatu kun fi ni sanin cewa a hannun ƴan makaranta wasan nan ya yi wayo. A 1848 ɗaliban jami'ar Kambirij ta Ingila, da yake kowa ya zo da irin bugun makarantar da ya fito, suka zauna suka rubuta ƙa'idojin da za su hana su dambe a fili. Bayan shekara goma sha biyar, a 1863, aka kafa hukumar ƙwallon Ingila a Landan. A 1874 jami'ar Oksfod ta ɗauki kofin hukumar, wato kofin FA, wanda yau su Arsenal da Manchester ke zubar da gumi a kansa.

Amma labarin da ya fi zauna mini a rai daga Amurka yake, kuma ba ma irin ƙwallonmu ba ce. Tasu ce mai siffar gwanda, wadda ake rungumewa a ƙirji a sheƙa da gudu, ana karo kamar raguna. A 1903 ƙungiyar jami'ar Mishigan ta je baƙunci jami'ar Minesota. Mai horar da su, Fielding Yost, bai amince da ruwan da masu masauki za su ba yaransa ba (kun ga ba ƴan kokawarmu kaɗai ke tsoron shan ruwan abokin karawa ba), sai aka aiki wani ɗalibi ya sayo tulun ƙasa mai cin kusan lita 19, a kan senti 30. Aka tashi shida da shida, ƴan kallo suka kwararo cikin fili tun lokaci bai cika ba, cikin wannan hayaniya baƙi suka tafi suka bar tulunsu. Wani ma'aikacin filin ya tsince shi, masu gida suka rubuta sakamakon wasan a jikinsa da fenti suka rataye. Ana ba da labari cewa da Mishigan ta nemi a maido mata kayanta, amsar da ta samu ita ce, in kuna so ku zo ku ci shi a fili. Sai a 1909 suka karɓo shi. Daga nan har yau, sama da shekara ɗari, duk ranar da jami'o'in biyu suka haɗu a kan tulun nan suke karawa. Wanda ya yi nasara ya tafi da shi gida, a ƙara rubuta sakamako a jikinsa. Filin wasan Mishigan yana ɗaukar mutum sama da dubu 107, wato fiye da sitad Seini Kunce na Yamai sau biyu, amma abin da ƙartin ƴan wasansu ke ɗagawa sama suna ihu tulun senti 30 ne.

A Tekzas kuma, ranar 2 ga Janairu 1922, ƴan wasan jami'ar A&M suka yi ta jin rauni har benci ya kusa zama wayam. Mai horarwa ya kira wani ɗalibi mai suna E. King Gill ya sauko daga wurin kallo, ya sa kayan wanda ya ji ciwo, ya tsaya bakin fili ko za a buƙace shi. Har aka tashi ba a sa shi ba, ko taɓa ƙwallon bai yi ba. Amma saboda tsayuwar yaron nan, har gobe ɗaliban jami'ar a tsaye suke kallon wasa daga fari har ƙarshe, suna kiran kansu mutum na goma sha biyu. A Fotugal, ƙungiyar ɗaliban Kwimbira, masu baƙar riga kamar baƙar alkyabbar da ɗalibansu ke yafawa, ita ta ɗauki kofin ƙasar na farko a 1939. A 1969 ta kai wasan ƙarshe da Benfica ana tsakiyar rikici tsakanin ɗalibai da gwamnatin kama-karya. Shugaban ƙasa bai halarta ba, talabijin bai nuna ba, Eusébio na Benfica ya zura musu ta biyu a ƙarin lokaci aka tashi biyu da ɗaya. Kashi suka sha, amma ranar tana cikin waɗanda suka fi tinƙaho da su. Kusa da gida ma, Dakar tana da DUC, ƙungiyar wasanni ta jami'arta, tun 1956, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna da gasar jami'o'insu ta NUGA tun 1966 da aka fara ta a Ibadan.

Ranku ya daɗe, ku duba tulun nan da tsayuwar yaron nan. Babu kwamitin da ya zauna ya tsara su, babu kasafin kuɗin da aka ware. Mantuwa ce aka yi da tulu, yaro kuma tsayuwa kawai ya yi. Abin da ya mai da su al'ada shi ne an sami wanda ya ce kada a yar, ya rubuta, da shekara ta zagayo aka maimaita. Da ma'aikacin Minesota gida ya kai tulun aka ci gaba da sanyaya ruwa a ciki, da ƙarshensa irin na kofinmu mai tara alli.

Jami'arku yarinya ce. A 2008 aka fara da makarantar fasaha ta IUT, a 2010 ta zama jami'a. Ni ban ɗauki wannan rauni ba, dama ce da tsofaffin jami'o'i za su so a ce tasu ce. Yaron da ya fara ajiye duwatsu biyu a harabar makarantar ya ce nan ne raga, in Allah ya bar shi da rai, bai kai arba'in da biyar ba. Yau injiniya ne a Yamai ko Arlit, ko malamin gona a Mayahi, ko yana duba marasa lafiya a Dakoro. Lambarsa tana cikin wani zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Hotunansu suna cikin tsofaffin wayoyi da shafukan Facebook. Kuma kada a ce waya ta fi akwatina aminci, ita ma tana da gararta: faɗawa cikin bokiti, ko ɗan sane a tasha. Nan da shekara ashirin, irin gardamar da na yi da abokina na Tasawa za su yi, su ma ba mai raba su.

Saboda haka roƙona na farko littafi ne. Babbar rajista mai bangon kwali, irin wadda muke kiran suna da ita a aji. A damƙa ta ga ɗakin karatu na jami'a, kada ta zauna a durowar mutum ɗaya wanda gobe za a canja masa wurin aiki ya tafi da makulli a aljihu. Duk wasan da aka buga da sunan jami'a a rubuta shi: ranar, wa aka kara da shi, sunayen waɗanda suka shiga fili da garin kowa da sashen karatunsa, wa ya ci, wa ya riƙe usur, hazo aka yi ko iska. A rubuta na nasara, a rubuta na kashi, kai na kashin ma ya fi buƙata, don shi kowa ke son mantawa. Kowace shekara a wanke hoto ɗaya a takarda, sunaye a ƙasansa, kada a sa a baya, ni na ga abin da danshi ke yi. A ajiye kwafi a kwamfuta, amma takardar ta zauna. Sannan a ba ɗalibai biyu ko uku aikin neman ƴan wasan farko su ɗauki maganarsu tun suna tunawa. Jami'ar Damagaram da ta Tawa sunayen masana tarihi suke ɗauke da su, Andire Salifu da Jibo Hamani. Zai yi mini daɗi ƙwarai a ce mu masu sunan masanin sinadarai mun riga su rubuta tarihin ƙwallo.

Na biyu, rana guda da abokin karawa guda. Ni Damagaram nake gani. Jami'o'in biyu sa'o'in juna ne, shekara ɗaya aka yanke musu cibi. Tafiyar kimanin kilomita 240 ce a kan kwalta, ta Agye da Tasawa da Takeita, motar da ta tashi bayan asuba kafin azahar ta sauke. Hamayyar kuwa ba sai an ƙirƙiro ta ba, tana nan kwance tun Jangorzo da Espoir, tana filin kokawa, tana bakin ƴan kasuwa, kowa yana cewa garinsa ne cibiya. A tsai da rana a rubuta ta, misali Asabar ta farko a watan Fabrairu, da sauran sanyi kafin zafin bazara ya sauka. In ta faɗo cikin azumi a kai ta Asabar ta farko bayan salla, kuma wannan ma a rubuta shi tun yanzu don kada a zo ana ja-in-ja. Bana a nan, baɗi a can. A busa usur bayan an sallame la'asar, a tashi kafin kiran magariba, lokacin yana isa. Ranar da ta tsaya ba ta jiran zuwan babban baƙo, in ya zo marhabin, in bai zo ba a buga.

Abin da za a kara a kansa kuwa, don Allah kada ya zama irin kofunan robar nan masu ruwan zinariya da ake sayowa a kanti, wanda ake liƙa wa sunan mai ba da kuɗi. Tulu nake so, na ƙasa, ginin matan Miriya, tunda su Damagarawa da shi suke yi mana gori. A saye shi a kasuwa a biya. Wanda ya ci ya rubuta shekara da sakamako a jikinsa, ya ajiye shi inda kowane sabon ɗalibi zai wuce ya gani ya tambaya. In ya tsage a hanya a liƙe shi, labarin tsagewar ma ya shiga littafi. In ana so a ƙara armashi, masu masauki su ciyar da baƙi a faranti ɗaya daren wasa, wanda aka ci kuma shi zai dama wa wanda ya ci fura da hannunsa. Mu da muka gaji wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014, ba sai an koya mana yadda ake gasa wa mutum magana a rabu ana dariya ba. Na yi tunanin Katsina ma. Da Maraɗi da Katsina ɗaki ɗaya ne tun zamanin Ɗan Kasawa, har yau sarkinmu Sarkin Katsina ake kiransa, kuma karawa da jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa za ta zama ta wa da ƙane. Amma wannan tana da iyaka da takardu a tsakani, a fara da wadda mota ɗaya ke kaiwa.

Suna da launin riga kuwa ɗalibai za a bar wa, su yi gardamarsu su zaɓa, sharaɗin kawai in an zaɓa an zaɓa ke nan, ba kowane sabon shugaban ɗalibai ya zo da nasa ba. Ni na kawo shawarar jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta kai sunan garin nan ƙasashen da ƙafarmu ba ta taka ba. Na ce ai makarantar sojan ruwan Amurka akuya ce alamar ƙungiyarta, haka ma ƙungiyar Kolon ta Jamus. Autana ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Baba, ranar da muka shiga filin Damagaram da sunan awaki, da baki za su gama da mu kafin a taɓa ƙwallo. Na yarda ya fi ni gaskiya. Amma jan dai ina nan a kan bakana. A kuma gayyato makaɗa, masu ganga da kalangu, su zauna bakin fili su yi wa yaran nan kirari kamar yadda suke yi wa ƴan kokawa. Jami'a tana tara ɗan Diffa da ɗan Tillaberi da ɗan Agadas a aji ɗaya. Bazabarmen da makaɗin Maraɗi ya wasa shi ranar da ya ci ƙwallo, ko ina aiki ya kai shi da sunan garin nan zai tafi a bakinsa. Kafin a fara wasan kuma, ɗalibi ɗaya ya tashi cikin minti biyu ya faɗi wane ne Ɗan Dikko: ɗan garin nan, masanin sinadarai, ministan ilimi, wanda ya riƙe babbar sakatariyar hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1982. Baƙi su ji, ƴan gida ma su ji.

Akwai abin da nake tsoro, gara in faɗe shi tun yanzu. Duk wanda ya taɓa shirya gasar hutu a unguwa ya san ƴan haya, ƙaton da za a ɗauko daga wata ƙungiya a yi masa katin ƙarya a ce ɗan aji uku ne. Ranar da ɗan haya ya sa rigar jami'a, littafin ya zama na ƙarya, gara ma ba a buɗe shi ba. Mai katin ɗalibi na gaske kaɗai zai buga, kuma wanda ya faɗi jarrabawa ya zauna benci sai ya gyara. Kada kowa ya ce ƙwallo da karatu ba sa haɗuwa. Hugo Sánchez yana buga wa Pumas ta babbar jami'ar Meziko yana karatun likitan haƙori, ya karɓi takardarsa, ya tafi Sifaniya ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo har sau biyar. Kada kuma kwaɗayin girma ya ja mu. Ƙungiyar jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu ɗalibai suka kafa ta a 1921. Ta girma, kuɗin kamfani suka shigo, ta zama zakaran ƙasar a 2017. A 2020 aka sayar da gurbinta a gasar, saura shekara ɗaya ta cika ɗari. Don haka hoton ɗan siyasa kada ya hau rigar, tambarin masu cacar ƙwallo kuwa ko kusa da fili kada ya zo, mun ga abin da take yi wa samari a unguwanni. In ɗalibai mata suna da tasu ƙungiyar, ta ƙwallon ƙafa ce ko ta hannu ko ta kwando, shafinsu yana cikin littafin nan, ba a wani daban ba.

Za ku ce ina kuɗi, ga ajujuwa na jira, ga kayan ɗakin gwaji. Gaskiya ne, kuma ba zan ce a taɓa ko dala ɗaya daga cikinsu ba. Rajista da tulu da gwangwanin fenti, duka ba za su wuce jika goma ba. Kuɗin mota sau ɗaya a shekara biyu shi ne mai ɗan nauyi, kuma garin da ya yi suna da alhazansa ba zai rasa wanda zai ba da bas ɗaya ba tare da ya ce a rubuta sunansa a tulu ba. Sauran aikin yana cikin gidanku. Ƴan IUT su yi waldar raga, ƴan sashen lafiya su zauna bakin fili da akwatin magani, ƴan sashen noma su gwada mana ko kiri-kiri zai kama. In bai kama ba, mu a kan burji muka buga, ga tabon nan a gwiwata har yau. Mun ga lokacin Maraɗi Kwalliya, shirin ƙawata gari don bikin 18 ga Disamba, a 2015 yadda gine-gine ke tashi cikin watanni in an so. Fili mai kyau zai zo a lokacinsa, amma ranar da ya zo ina so ya tarar da shekaru goma ko ashirin rubuce a jikin tulu.

Ban zo hannu rabbana ba. Rajistar na riga na saya a babbar kasuwa, mai shafi ɗari biyu, na ja layuka da rula kamar yadda na saba. Shafin farko na bar shi fari don sa hannunku. Abokina na Tasawa, wanda har yanzu yana kan uku da ɗayansa, ya ce surukinsa direba ne a hanyar Damagaram, shi zai taho da tulun daga Miriya, kuɗin kuma mun raba biyu. In sun haɗu zan ba autana ya kawo wa sakatarenku.

Tunda wasiƙar buɗaɗɗiya ce, ku ba ni izini in yi cigiya a ƙarshenta. Mutum biyun nan da sunansu ya ɓace mini, ɗaya dogo ne mai tsagar Gobirawa, yana tsaye na biyu daga dama, da hagu yake bugu. Ɗayan gajere ne, a durƙushe, hannunsa a kan kofin. In akwai wanda muka yi 1982 tare da ya tuna su, a tambayi gidan tsohon mushe a Bagalam, bayan la'asar ina ƙofar gida.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba ɗalibanku sa'a.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin lakkol,
Unguwar Bagalam, Maraɗi.